Yadda Ake Yi wa Koci Hisabi Kan Tsarinsa da 'Yan Wasan da Ya Zaɓa

Kimanin awa ɗaya kafin a take wasa ake fitar da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya da za su fara, kuma daga wannan lokacin musu yake tashi a gidan kallo, da teburin mai shayi, da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce me ya sa aka ajiye wane a benci, wani ya ce wannan tsarin ba zai kai labari ba. Musun yana da amfani ƙwarai, domin ta nan mai kallo yake koyon ƙwallo. Abin da ke ɓata shi shi ne yawancin masu yin sa da sakamako kaɗai suke yanke hukunci. In an ci, koci gwani ne. In an sha kashi, bai san aikinsa ba. Hukuncin adalci kuwa abu biyu yake dubawa: me kocin ya sani kafin a busa usur, kuma me ya faru a cikin fili, a wane gurbi, tsakanin su wa. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Ka ajiye maganarka tun kafin a take wasa

Da zarar sunaye sun fito, ka faɗi ra'ayinka a gaban mutane, ko ka rubuta shi a wayarka inda lokaci zai nuna. Kada ka tsaya a kan "ban yarda da wannan jerin ba". Abu uku ake so ka faɗa: wa kake so a sa, wa za a cire masa, sannan wace ɓarna kake tsoro kuma a wane ɓangaren fili. Misali ka ce: "Lamba uku ɗinmu ba shi da gudu, ɗan gefen da zai fuskanta kuwa yana da shi, kuma wanda aka sa a gabansa ba ya dawowa taimako. Ta hagu za a shigo mana." Wannan magana ce da wasa zai iya gaskatawa ko ya ƙaryata. Duk abin da aka faɗa bayan tashi daga wasa, ihu ne bayan hari.

Dalilin wannan matakin yana cikin abin da ya faru da Fotugal a Kofin Duniya na 2022 a Ƙatar. Fernando Santos ya ajiye Cristiano Ronaldo a benci a wasansu da Suwizalan, ya sa Gonçalo Ramos. Ramos ya ci uku, aka tashi 6-1, aka yi ta yaba wa kocin. Bayan kwana huɗu ya maimaita wannan shawarar a kan Maroko, En-Nesyri ya ci su da ka, aka fitar da su 1-0, sai ga mutanen da suka yabe shi suna zaginsa. Shawarar ba ta sauya ba, abokin karawa ne ya sauya. Suwizalan ta bar fili a bayanta, mai gudu ya samu wurin shiga. Maroko ta koma baya ta toshe ko'ina, aka koma kurosin cikin yadi na sha takwas, inda mai tsalle da sa kai yake da amfani. Wanda ya faɗi wannan bambancin kafin wasan Maroko, shi ne yake da bakin magana bayansa.

Lambobin da talabijin ke nunawa

4-3-3 ko 4-2-3-1 da ake zanawa a allo kafin wasa, masu watsa wasan ne suka jera su bisa hasashe. Koci sunaye yake miƙawa, ba zane ba. Kuma kusan kowace ƙungiya a yau tsari biyu take da shi: ɗaya idan ƙwallo na ƙafarta, ɗaya idan tana hannun abokan karawa. Manchester City ta kakar 2022/23, wadda ta ɗauki kofi uku, a takarda 'yan baya huɗu ne. Da sun karɓi ƙwallo sai John Stones ya bar layin baya ya shiga tsakiya kusa da Rodri, a koma uku a baya, biyu a gabansu, huɗu, sannan Haaland. Arsenal ta wannan kakar haka take yi da Zinchenko daga hagu. Wanda ya tsaya yana musu kan 4-3-3 a irin wannan wasan, yana magana ne kan abin da babu shi a fili.

Yadda za ka gane tsarin gaskiya ba wuya, sai dai yana son ka hana idonka bin ƙwallo. Tsakanin minti na biyar da na goma sha biyar, lokacin da rawar ƙafar farko ta lafa, ka jira lokuta biyu. Na farko, sa'ad da golan ƙungiyarka zai fara wasa daga gida: a nan kyamara takan ja baya, sai ka ƙirga mutum nawa ne a layin farko, nawa ne a gabansu, kuma su wa suka manne da layin gefe. Na biyu, sa'ad da abokan karawa suka riƙe ƙwallo a tsakiyar fili suna 'yar ba ni in ba ka: ka ƙirga mutum nawa suka jeru a gaban golanku, huɗu ko biyar, kuma 'yan gefen gaba sun dawo ko sun tsaya can. Ka yi haka sau uku ko huɗu kafin ka yarda da abin da ka gani, domin sau ɗaya yana iya zama wani ne ya bar gurbinsa.

Akwai wani ƙaramin abu da yakan jawo jayayya a banza. A wajenmu, lamba huɗu shi ne ɗan tsakiya mai tare gida, biyar da shida su ne 'yan bayan tsakiya. Masu sharhin Turai kuwa wannan ɗan tsakiyar suke kira lamba shida. Ku daidaita wannan tun farko. A nan, lamba huɗu za mu ci gaba da cewa.

Ƙirga kawuna a tsakiya

Bayan ka gane tsarin ɓangarorin biyu, sai ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka ga inda wani ya fi wani yawa. Wuri uku ake dubawa, amma tsakiya ta fi kowanne muhimmanci.

A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2011 a Wembley, Alex Ferguson, kocin Manchester United, ya sa Carrick da Giggs a tsakiya, Rooney a bayan Chicharito. Barcelona tana da Busquets da Xavi da Iniesta, ga Messi yana barin gaba yana saukowa ya zama na huɗu. Idan Vidic ko Ferdinand ya bi Messi, sai rami ya buɗe a baya, Pedro ko Villa su faɗa ciki. Idan ba su bi shi ba, mutum biyu ne ke fama da huɗu. An tashi 3-1. A lokacin mutane da yawa sun fi damuwa da cewa Berbatov, wanda ya ci ƙwallo 20 a Firimiya a kakar, ko benci bai samu ba. Amma Berbatov ba zai ƙara mutum a tsakiya ba, kuma a tsakiya aka ci wasan. Irin wannan ne bambancin ƙorafi da hujja.

A baya, ƙa'idar da kociyoyi suka fi bi ita ce rarar mutum ɗaya: ɗan gaba ɗaya, 'yan bayan tsakiya biyu, 'yan gaba biyu, mutum uku. A gefe kuma sai ka duba ko lamba biyu ko lamba uku yana fuskantar mutum biyu shi kaɗai. Faɗin fili mita 68 ne a yawancin manyan filaye. Mutum huɗu ba za su iya rufe shi ba idan abokan karawa suka jera mutum biyar a gaba, dole wani ɗan tsakiya ko ɗan gefe ya sauko ya cike. Idan ba wanda aka ɗora wa wannan aikin, to laifin na koci ne. Idan an ɗora wa wani bai yi ba, laifin ya koma kan ɗan wasa.

Wasan Porto, da yadda ake warware shi

Babu shawarar koci da aka fi yin musu a kanta a 'yan shekarun nan kamar ta Pep Guardiola ranar 29 ga Mayu, 2021, a wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin ƙungiyarsa Manchester City da Chelsea a birnin Porto. Ya ajiye Rodri da Fernandinho duka biyun a benci, ya sa Gündogan a lamba huɗu, Bernardo Silva da Foden a gabansa, Mahrez da De Bruyne da Sterling a gaba. Chelsea ta Thomas Tuchel ta ci 1-0. Ya kamata a tsaya a kan wannan wasan, domin duk matakan musu mai kyau suna cikinsa.

Fara da abin da kocin ya sani. Cikin makonni shida kafin wannan ranar, Tuchel ya doke shi sau biyu: 1-0 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, da 2-1 a Etihad a Firimiya. A wasannin biyu Rodri ya fara, a na Kofin FA ma har da Fernandinho a gefensa, kuma duk da haka an ci su. Wanda ke kare Guardiola yana da hujja a nan: matsalar City a kan Chelsea ita ce fasa katangar mutum biyar, saboda haka ƙara mai kai hari ba hauka ba ne. Duk wanda zai soki shawarar, dole ya fara amsa wannan.

Sai ka dubi abin da aka biya. Gündogan shi ne ya fi kowa ci wa City ƙwallo a kakar, da ƙwallo 17, kuma yana cin su ne ta hanyar shigowa yadi na sha takwas a makare. Mayar da shi lamba huɗu ya jawo asara biyu a shawara ɗaya: an rasa mai tare gida na ainihi, an kuma nisanta mai ci daga raga. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan kocin, kuma tun kafin wasa ana iya ganin ta.

Sannan ka koma kan ƙwallon da aka ci, a minti na 42, ka fara kallo daga inda ta taso. Golan Chelsea, Mendy, ya aika wa Chilwell a gefen hagu, Chilwell ya taɓa wa Mount. Mount ya juya a wajen tsakiyar fili ba wanda ya matse shi, ya ɗaga kai ya duba. Werner ya ruga hagu ya ja Rúben Dias, tsakiya ta buɗe. Havertz ya shiga ta cikin Zinchenko, lamba ukun City a lokacin, Mount ya zura masa fasin guda ɗaya, ya kauce wa Ederson ya tura raga. Tambayar da za a yi musu a kanta ita ce: da Rodri ko Fernandinho na nan, da yana tsaye a layin da fasin ɗin ya bi? Mai yiwuwa ne ƙwarai, domin aikin lamba huɗu ke nan, toshe hanyar da ke tsakanin mai fasin da mai gudu. Amma Zinchenko ma ya bar Havertz ya shiga ta gabansa, kuma wannan kuskuren mutum ɗaya ne, ba na tsari ba.

Daga nan sai a ware abin da ba koci ya jawo ba. De Bruyne ya fita kusan minti na 60 bayan karo da Rüdiger, da rauni a fuska. Kanté ya yi wasan da aka ba shi kyautar gwarzon ranar. Waɗannan ba su cikin lissafin shawarar.

Mu a ganinmu Guardiola ya yi kuskure a ranar. Dalili shi ne cacar da ya yi ba ta biya ko ta ɓangaren da aka yi ta dominsa ba: City da masu kai hari shida, ƙwallo ɗaya tak ta buga da ta nufi raga a duk wasan. Shi kansa ya sa Fernandinho a wajen minti na 64. Wanda ya bi wannan hanyar ya kai ga hukuncin, ko da ya saɓa da namu, ya yi musu na masana.

"A sa wane" ba ta cika sai da "a cire wane"

Gurbi goma sha ɗaya ne, ɗaya na gola. Duk wanda ya ce a sa wani, a tambaye shi wa zai fita, kuma wa zai yi aikin da mai fitar yake yi. Tambaya ta biyun ce take kayar da mutane, domin ayyuka da yawa a fili ba sa fitowa a taƙaitaccen bidiyon da ake yaɗawa. Akwai mai bin lamba biyun abokan karawa duk sa'ad da ya hau. Akwai dogon da ke tsayawa a ƙarfen farko idan za a bugo kwana. Akwai mai ƙafar hagu a bayan tsakiya, wanda fasin ɗinsa ke fita gefe kai tsaye ba sai ya juya ba. Akwai mai bugun tazara da mai fenariti. Kafin ka cire mutum, ka ƙirga dogaye nawa suka rage maka. Ƙungiyar da ke da masu iya sa kai uku kacal, idan ta haɗu da mai biyar, za ta sha wahala a kowace kwana, ko da ta fi iya taka leda.

Ka kuma duba mutum biyu-biyu, ba ɗai-ɗai ba. Ɗan gefe mai shiga ciki yana son lamba biyu mai hawa ta bayansa. Idan dukansu masu son layi ne, za su taka juna. 'Yan bayan tsakiya biyu marasa gudu ba za su iya tsayawa can sama kusa da tsakiyar fili ba, kuma idan suka ja baya, sai tazara ta buɗe tsakaninsu da 'yan tsakiya. Taurari biyu masu son gurbi ɗaya, taura biyu ce, ba ta taunuwa.

Najeriya a Kofin Duniya na 2018 a Rasha ta nuna yadda sauya gurbi yake sauya mutum. A wasan farko da Kuroshiya, Gernot Rohr ya sa Mikel Obi a lamba goma bayan Ighalo, Victor Moses da Iwobi a gefe, aka sha 2-0. A wasa na biyu da Aisilan a Volgograd ya koma uku a baya: Omeruo ya shigo kusa da Balogun da Troost-Ekong, Mikel ya sauko ƙasa inda ya saba, Moses ya zama ɗan gefe mai hawa da sauka kamar yadda yake yi wa Conte a Chelsea, Ahmed Musa da Iheanacho suka tsaya a gaba. Musa ya ci biyu, ta farko daga kurosin ɗin Moses a harin ramuwa, ta biyu daga doguwar ƙwallon da ya bi da gudu ya yanke gola. Tsarin ya ba mai gudu fili, wannan gaskiya ne. Amma mai adalci zai ƙara abu biyu. Ƙwallayen Kuroshiya duka daga kwana suka samo asali, ɗaya Etebo ya ci gida, ɗaya fenariti saboda riƙe Mandzukic, kuma tsari ba ya hana wannan. Sannan a zagayen farko na wasan Aisilan, da sabon tsarin, Najeriya ko sau ɗaya ba ta buga wa raga ba. Sai bayan hutun rabin lokaci abin ya kama.

Kowane tsari yana da farashi

Babu tsarin da ke rufe ko'ina. Ka ƙara mutum a baya, ka rage shi a tsakiya ko a gaba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me kocin ya saya, me ya biya, kuma cinikin ya dace da wannan abokin karawar?

Dubi José Peseiro, kocin Najeriya a lokacin, a Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Ndidi ya ji rauni kafin gasar, aka kira Alhassan Yusuf ya maye gurbinsa. Wasan farko da Ikwatoriyal Gini an yi shi da huɗu a baya, aka tashi kunnen doki 1-1. Daga wasa na biyu Calvin Bassey ya shigo, aka koma uku a baya tare da Ajayi da Troost-Ekong, Ola Aina da Zaidu Sanusi a gefe, Onyeka da Iwobi su biyu a tsakiya. Abin da aka saya a fili yake: wasa huɗu a jere ba a ci Najeriya ba, da Kwaddibuwa, da Gini Bisau, da Kamaru, da Angola. Zaɓen Nwabali a raga, wanda a lokacin yake Chippa United ta Afirka ta Kudu kuma mutane da yawa ba su san shi ba, shi ma ya biya, har da fenariti biyu da ya tare a wasan kusa da na ƙarshe. Abin da aka biya shi ma a fili yake: ƙwallo takwas a wasa bakwai, uku daga cikinsu na ɗan baya Troost-Ekong ne, Osimhen kuwa ɗaya ya ci a duk gasar, yana ta fama shi kaɗai a gaba.

A wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu farashin ya fito gaba ɗaya. Emerse Faé, kocin Kwaddibuwa, ya jera Seri da Kessié da Seko Fofana a tsakiya, mutum uku a kan biyu. Najeriya ta fara ci da kan Troost-Ekong a minti na 38, daga nan ta kasa riƙe ƙwallo, aka yi ta dawo mata da ita. Adingra ya addabi ɓangaren Aina. Shi ya bugo kwanar da Kessié ya farke da ita a minti na 62, shi ya kawo kurosin ɗin da Haller ya ci a minti na 81. Bayan wasan aka yi wa Iwobi ca a kafafen sada zumunta, kuma wannan zalunci ne. An ɗauki ɗan wasan da ƙarfinsa yake wajen kai ƙwallo gaba, an ba shi aikin gadi da mutum ɗaya a gefensa a kan mutum uku. Idan akwai tuhuma, ga inda take: me ya sa ba a ƙara mutum na uku a tsakiya ba bayan hutun rabin lokaci, lokacin da kowa ya ga inda ruwa ke shigowa? Wannan tambaya ce ga koci, kuma tana da nauyi. Cewa tsarin gaba ɗaya shirme ne kuwa ba ta tsayawa, tunda shi ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe.

Haka abin yake ga 3-4-3 na Conte. Ya koma wannan tsarin bayan Arsenal ta ci Chelsea 3-0 a Satumbar 2016, ya ci wasa 13 a jere a Firimiya, ya ɗauki kofi da maki 93. A Janairun 2017 Tottenham ta gano inda yake yoyo: kurosin zuwa ƙarfe na biyu, tsakanin Azpilicueta da Moses, inda Dele Alli ya sa kai sau biyu iri ɗaya. Duk tsarin uku a baya yana da wannan gurbin, tsakanin ɗan bayan gefe da mai hawa da sauka. Idan ƙungiyarka na buga shi, can za ka fara zuba ido.

Abin da ba ka gani daga kujerar kallo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koci yana ganin atisaye kullum, yana da rahoton likita, ya san wanda ya kwana da zazzaɓi. Kafin ka ce an zalunci wani, ka bincika abin da ake iya bincikawa. Kwana nawa ne tsakanin wannan wasan da na baya? Idan bai kai uku cikakku ba, ajiye ɗan wasa hutu ne, ba raini ba. Daga rauni ya dawo? Wanda ya yi wata guda a waje yawanci da minti 20 ko 30 ake fara dawo da shi, musamman idan tsokar bayan cinya ce, domin ita ce ta fi saurin sake tashi. Katin gargaɗi nawa gare shi? A Firimiya, biyar cikin wasa 19 na farko dakatarwar wasa ɗaya ce. Wane wasa ne ke tafe bayan wannan?

Sa ɗan wasa mai rauni ma shawara ce da ake tuhuma. Walid Regragui ya fara da Romain Saïss a wasan Maroko da Faransa a 2022 alhali bai warke ba, kuma kafin rabin sa'a ya fita. Canji ɗaya ya tafi tun wasa bai yi nisa ba.

Wani lokaci kuma abin da koci ya gani a atisaye shi ne daidai, duk da surutun duniya. Stephen Keshi ya kai Najeriya Kofin Nahiyar Afirka na 2013 ba Odemwingie ba Obafemi Martins, ya ɗauki 'yan wasan gida irin su Sunday Mba da Godfrey Oboabona, ya kuma ajiye kyaftin Joseph Yobo a benci a yawancin gasar. Mba ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne ya ci ta wasan ƙarshe da Burkina Faso. Wannan ba ya nufin koci ba ya kuskure. Yana nufin idan ka ga babban suna a benci, ka fara da tambayar me aka gani, kafin ka kai ga son zuciya.

Canji

Yanzu canji biyar ne, a tsayawa uku ban da hutun rabin lokaci. Jerin farko rabin shiri ne kawai. Mai gudu da aka ajiye zuwa minti na 60, lokacin da ƙafafun 'yan baya suka yi nauyi, wataƙila shi ne makamin da aka tanada. Ka auna canji da abu uku: lokacinsa, ko ya taɓa wurin da matsalar take, da kuma ko tsarin ya sauya bayansa. Bayan kowane canji ka sake ƙirga layuka kamar yadda ka yi a farkon wasa.

A wurin musun kansa

Ku tsayar da tambaya ɗaya ku gama da ita kafin ku shiga wata. Musu yakan watse ne idan aka fara da lamba huɗu, aka tsallaka zuwa kuɗin sayen 'yan wasa, aka ƙare da kofunan shekara goma da suka wuce. Idan abokin musunka ya kawo hujja, ka maimaita masa ita da bakinka har ya ce haka yake nufi, sannan ka amsa. Kuma kowace ɓarna ka sa ta a ɗaya daga cikin gida uku: shirin ne ba daidai ba, ko shirin daidai ne an ba wanda bai dace ba, ko an ba wanda ya dace shi ne ya kasa a ranar. Na farko da na biyu na koci ne. Na uku ba nasa ba ne, sai idan ya maimaitu wasa uku ko huɗu bai ɗauki mataki ba.

Alƙaluma suna taimakawa idan an san iyakarsu. Yawan riƙe ƙwallo ba ya nuna wanda ya fi. Ƙungiya tana iya riƙe kashi 70 tana zagaye a bayanta. Ka fi ba da ƙarfi ga yawan bugun da aka yi daga cikin yadi na sha takwas, da kuma ta wane gefe hare-haren abokan karawa suka fi zuwa. Taswirar matsakaicin wurin tsayawar 'yan wasa da manhajojin waya ke nunawa tana da amfani, amma tana ruɗarwa idan 'yan gefe biyu sun yi musayar wuri a cikin wasa: sai ta nuna su duka a tsakiya, inda ba wanda ya tsaya.

Idan gardama ta ƙi ƙarewa kan wata ƙwallo da aka ci, ku nemo bidiyonta, ku mayar da shi baya daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ta shiga raga, zuwa daidai lokacin da ƙungiyarku ta rasa ƙwallo. Ku tsayar da hoton a nan. Ku ƙirga 'yan wasanku nawa ne ke tsakanin ƙwallo da golanku, da na abokan karawa nawa ne a tare da su. Idan naku ba su fi nasu da mutum ɗaya ba, ku nemo wanda ya kamata ya kasance a wurin, sannan ku duba sauran hare-haren wasan ku ga ko kullum can sama yake tsayawa. Idan kullum ne, umarni aka ba shi, maganar ta koma kan koci. Idan sau ɗaya ne, shi ya bar gurbinsa.